Ramin da Katafila Ta Bari

Babu katangar da ke tsaye a Matamaye wadda ba ta bar rami a wani wuri ba. Duk tubalin da aka ɗora, duk bulon laka da aka buga, duk burjin da aka shimfiɗa ƙarƙashin kwalta, daga ƙasa aka yanko shi, kuma inda aka yanko ɗin yana nan baki buɗe. Na cikin gari shi ne kududdufi. Na bayan gari, wanda katafila ta haƙa don aikin hanya, mu ƴan lakwal mun saba ce masa kariyer, yadda ma'aikatan hanya ke faɗa. Mukan ɗauki hoto gaban sabon gida ko sabon shago, amma ramin da ya haifi ginin ba mai waiwayarsa, sai ranar da za a kai masa shara ko mushen jaki.

Ƴan uwana ɗalibai, a kan ɗaya daga cikin waɗannan ramuka nake so in yi magana: abin da ya zama yau, da abin da nake tsoron zai same shi in muka yi shiru.

In ɗan Matamaye ya gaji da karatu, ina yake zuwa ya huta? Samari dai suna da fada. Benci ɗaya a bakin hanya, butar shayi a kan gawayi, salula na kiɗa, ƙurar kabu-kabu na sauka cikin kofi. Ban raina fada ba fa, ni ma ɗan fada ne, rabin labarin duniya da na sani a kan bencin nan na ji shi. Sai dai a fada ba ka samun shiru, ba ka ganin nesa, ko yaushe bango ne a gabanka. Ƴan mata kuwa ko bencin ba su da shi. Daga lakwal sai gida, daga gida sai famfo, ko kasuwa, ko gidan biki. A littafin Faransanci muna karanta cewa yara sun tafi pikinik da iyayensu, sun shimfiɗa zane a bakin ruwa sun ci abinci, sai mu ɗauka abin na Turawa ne ko na ƴan Yamai masu mota. Alhali duk wanda aka taɓa kai wa fura gona, ya sha ta a gindin itace iska na kaɗawa, ya san wannan daɗin tun kafin a buga littafin.

Wanda ya san bayan gari ya san ramin da nake nufi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce a ƙafa. Manya sun ce lokacin aikin hanya ne katafila ta zo ta kankare ƙasar sama, ta ture ta gefe ta yi tudu da ita, sannan ta shiga yankar burji. Manyan motoci suka yi watanni suna kwasa. Da aiki ya ƙare suka naɗe kayansu suka yi gaba, suka bar wurin kamar kwanon da aka suɗe. Shekara da shekaru ko ƙaya ba ta fito ba. In rana ta take, jan dutsen nan yakan yi zafin da akuya ma ba ta yarda ta taka.

Abin da ya fara canja wurin ruwa ne. Gindin ramin marmara ce mai tauri, ba ta shanye ruwa kamar jigawa, don haka duk abin da damina ta zuba yakan kwanta har cikin hunturu. Inda ruwa ya kwanta kuwa dabba za ta zo. Makiyaya suka riƙa biyowa da shanu da awaki, dabbobin su sha su yi kashi, a cikin kashin akwai irin itatuwan da suka ci ƴaƴansu a wani dajin. Iska kuma tana ta zubo rairayi da ganye cikin ramin. Tumfafiya ce ta fara tsayawa, ita da ba ta zaɓen ƙasa. Sabara da kalgo suka kama tudun ƙasar da katafila ta ture, don can ne sauran rai ya rage. Bagaruwa ta bi bakin ruwa. Daga baya aduwa da magarya suka fito, sai ga gawo.

Amma da a ce an bar su da awaki da masu gatari, da ko ɗaya bai kai tsawon mutum ba. Akwai wani dattijo da gonarsa ta yi iyaka da ramin, Baba muke ce masa. Shi ne duk shekara in ya zo sassabe yakan ƙetara iyakar gonarsa, ya duba ƴan tsiron nan, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya kewaye na ƙanana da ƙaya. Na taɓa tambayarsa, na ce, “Baba, wani proje ne ya sa ka wannan aiki?” Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Ɗana, wa zai biya mutum don ya bar abin da Allah ya tsiro? Na dai gaji da zama cikin rana ne in na zo gona.” Yau manyan gawo tara ne a gefen ramin na gabas, na ƙirga su da kaina, ban da ƙananan da ke tasowa.

Mu kuma yadda muka san wurin, bayan kompozishon na farko ne bara, cikin sanyi. Mu 14 ne ƴan aji ɗaya, maza da mata, kowa ya kawo dala 100. Ƴan matan suka haɗo dambu da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, mu muka ɗauki tabarmi da gawayi da jarkar ruwan sha, muka sayi rake a hanya. Wata madam ta yarda ta raka mu, don in ba da ita ba iyayen ƴan matan ba za su bari ba, mushenmu na kimiyyar halittu kuma ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba.

Ku da kuka san gawo kun san halinsa. Lokacin da kowane itace ke kore da damina, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. In rani ya shigo kowa ya bushe, sai shi ya yi lif. Don haka a watan Disamba inuwarsa ta cika, ƙudan zuma na ta ƙugi a sama. Muka shimfiɗa tabarmi. Ruwan ya ja baya amma da saura, balbelu na bin sawun shanu a bakinsa, zalɓe guda ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Zakaran ƙeƙuwa ya gan mu ya ɗaga murya, bai yi shiru ba sai da ya tabbatar duk dajin ya san mun iso. Can da yamma wasu kirinjijiya suka sauka suna fito. Wallahi akwai ƴan ajinmu da aka haifa a garin nan da ba su taɓa ganin kirinjijiya ba sai ran nan, sunanta ma a bakin Baba suka ji.

Mushe bai iya zama ba. Ya kai mu gindin bangon ramin ya ce mu duba da kyau. A sama akwai rairayi mai ɗan duhu, kaurinsa bai fi taki guda ba, saiwoyi sun cika shi. Ƙarƙashinsa jan ƙasa, ƙarƙashinta kuma marmara. Ya ce, “Wannan ɗan siririn na sama shi ke ciyar da ku duka. Katafila takan kwashe shi cikin wuni ɗaya, amma kafin ya dawo sai yaro ya yi furfura.” Darasin da muka yi mako biyu muna kwafa a kaye ba mu gane ba, a nan muka gane shi cikin minti goma, muna shan rake. Wata ƴar ajinmu da ba ta cika magana ba ta ce ita abin da ya fi yi mata daɗi shi ne ta zauna awa uku ba wanda ya aike ta. Muka yi dariya, amma madam ba ta yi ba.

Tun daga ranar nake tunanin yadda ƙasarmu ta saba da a ci amfaninta a tafi. Kakana yakan ba mu labarin zamanin gyaɗa, lokacin da Matamaye da Magarya da Kance ke cikin manyan wuraren nomanta a Nijar. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gyaɗa da fitar da ita. Akwai masana'antar tatsar mai ta SHN a nan Matamaye, da SEPANI a Magarya, da SICONIGER a Maraɗi. Buhuna na bin hanyar Kano, inda ake tara dalar gyaɗa kafin jirgin ƙasa ya kwashe zuwa bakin teku. Don a faɗaɗa gonaki an tumɓuke itatuwa ba adadi, har ana koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kasuwar ta karye. Injinan garinmu suka yi shiru. Dalar gyaɗar Kano ma yau sai a hoto. Kakana yakan ce gyaɗa ta saya masa keke da rediyo, ta tafi ta bar masa gona mai tashi sama in iska ta taso.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma a nan ne ya kamata mu ɗaga kai. Bayan yunwar 1984 manoman yankinmu suka koma barin tsiron itace a gona, suna gyara shi maimakon su sare, abin da ake kira sassaben zamani. A wajen Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura tun 1983 cewa ƴan kututturan da ke gonaki suna da saiwa mai rai a ƙasa, in an rage musu rassa za su koma itatuwa. A nan wajenmu kuwa gawo ne ya yi sarauta, kuma girmama shi tsohon abu ne: har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya sa wa mai sare gawo a ƙarni na 19. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun farfaɗo da kadada kusan miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Cikin wuraren da suka fi ba su mamaki akwai Magarya da Matamaye da Mirya, waɗanda suke kira “M uku”. Mutane na tasowa daga wasu ƙasashe su zo kallon abin da iyayenmu suka yi da gatari da lauje, mu kuwa muna wucewa ta ciki a kan kabu-kabu ko ɗaga ido ba ma yi.

To in gona ta farfaɗo, me zai hana rami? Wasu wuraren sun riga sun gwada. A Jos, cikin Nijeriya, Turawan Ingila sun fara haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, Hausawa da yawa sun yi leburanci a can. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, kamfanoni suka watse suka bar ɗaruruwan ramuka da ruwa ya cika. Wasu daga cikin tafkunan nan yau da su ake noman rani, tumatir da kabeji da latas na fita har wasu jihohi. Ɗaya daga ciki, a unguwar Rayfield, an mai da shi wurin shaƙatawa: iyalai na zuwa ranar Sallah da Kirsimeti, a shiga kwalekwale, a ci abinci a bakin ruwa. Yaron da ke wasa a can bai ma san ramin ma'adini ne kakansa ya haƙa ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Mombasa a ƙasar Kenya. Kamfanin siminti na Bamburi ya yi shekaru yana fasa farin dutse a bakin teku, ya bar fili fari fat, ga zafi ga gishiri. A 1971 wani masanin noma ɗan Suwizalan, René Haller, ya fara gwada dasa itatuwa a wurin. Iri 26 ya gwada, uku kawai suka rayu. Wanda ya fi jurewa shi ne kasuwarina, itace mai ganye kamar allura, wanda saiwarsa ke ƙara wa ƙasa taki kamar yadda gawo ke yi. Matsalar ita ce ganyen in ya zuba ba ya ruɓewa da wuri. Sai Haller ya lura ƙadandoniya na cin busasshen ganyen, ya sa aka tattaro su da yawa aka zuba cikin ramin. Kashin ƙadandoniyar nan shi ya zama ƙasar farko, a kanta sauran tsirrai suka samu wurin kamawa. Yau wurin sunansa Haller Park, daji ne sosai, akwai raƙuman dawa da dorina da kada da manyan kunkuru, da tsuntsaye iri fiye da 100, ƴan makaranta na zuwa mota-mota. Da na karanta wannan sai na tuna Baba da awakin makiyaya. Aikin ɗaya ne, sai dai shi Haller yana da kamfani a bayansa, Baba kuwa gatarinsa kawai.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka kowane rami wurin shimfiɗa tabarma ne. Tambayar farko ita ce: me aka haƙa a nan, me kuma aka bari? A Akokan kusa da Arlit, mahaƙar uraniyom ta COMINAK ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, ta bar tarin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 mai fitar da tururin da ke cutar da jiki, wanda sai an binne shi da laka da duwatsu. Ba mai hankalin da zai kai ƙannensa can cin dambu. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Ko a Jos ɗin, tafkunan kuza sun ci mutane da dabbobi da dama saboda zurfi da gangaren bakinsu. Sa'ar da muka yi ita ce burji kawai aka ɗiba a namu, burji kuwa ba guba ba ne.

Duk da haka namu ma yana da nasa haɗarin, kuma gara mu faɗa da bakinmu kafin a faɗa mana. Bangon yamma a tsaye yake kamar katanga, in damina ta cika ramin yaro ba zai san inda zurfi ya fara ba. Kowace unguwa a garin nan tana da labarin yaron da kududdufi ya ci. Ruwan da ke kwance kuma gidan sauro ne, sannan ƙananan katantanwa da ke cikinsa su ke ɗauke da tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini. Don haka ranar da muka je ba wanda ya shiga ruwan, ba wanda ya sha. Wurin zama ne da kallo, mai son wanka ya yi a gida.

Abin da ya sa na ɗauki bik na rubuta wannan shi ne abin da na gani da na koma cikin bakans. A bakin ramin ta wajen hanya an fara juye shara, amalanke biyu ko uku ne dai, amma kun san yadda bola take farawa. Leda baƙa ta riga ta maƙale a ƙayar bagaruwa kamar jemagu. Cikin sharar na ga tsofaffin batura da kwalaben magani, waɗanda ruwan farko zai wanke zuwa inda shanu ke sha. Tun 2014 Nijar ke da dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma je ka kasuwa ka sayi tumatir na dala 20 ka ga cikin me za a ƙulla maka. Duk mai kiwo ya san akuyar da ta rame ba dalili, aka yanka aka tarar da tumbinta cike da leda. Sannan an sare manyan rassa biyu na gawo ɗaya, saran dare, ba irin na makiyayi mai kakkaɓo wa dabba ganye ba. A can gefe kuma na ga turakun siminti, alamar gari na matsowa, wani ya fara auna parsel. Baba ya tsufa, bana ɗansa ne ya yi masa sassabe. Na tambaye shi wa zai ci gaba da kula da itatuwan, ya ce, “Ku da kuka sha inuwar.”

Na kai maganar fadarmu, aka yi ta musu har shayi na uku ya huce. Wani ya ce gari na ƙaruwa, mutane na neman wurin gini, ni ina maganar tsuntsaye. Gaskiya ne ana neman fili, amma wa zai gina ɗaki cikin ramin da ruwa ke kwana wata biyar? In an cike shi da shara an yi gini a kai, ruwan da yake tarewa ina zai nufa in ba cikin gidajen mutane ba? Wani ya ce in aka gyara wurin, ƴan shaye-shaye ne za su mai da shi nasu. Na ce ai yanzu da ba kowa ne suka fi samun sakewa. Wurin da iyalai da malamai ke zuwa da rana tsaka, mai neman ɓuya ba ya son sa. Wanda ya fi ba ni tunani shi ne abokinmu da gidansu ke kiwo. Ya ce, “Ku ƴan lakwal in kun ce gyara, waya kuke nufi. Ku kewaye, ku sa ƙofa, ku ce shanu su nemi wani wuri. Alhali shanun ne suka kawo muku itatuwan.” Wannan magana tasa gaskiya ce tsantsa. Duk gyaran da zai kori makiyayi daga ruwan, ko ya hana mai buga bulo ɗibar laka a gefen da aka ware masa, ƙwace ne aka yi masa suna mai daɗi, kuma ba zai daɗe ba.

Ga abin da nake ganin ya fi ƙarfin surutu kuma bai fi ƙarfinmu ba. Da farko a san matsayin filin a takarda. Tun 1993 ƙasarmu ke da kundin dokokin karkara, a ƙarƙashinsa akwai kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har komin. Aikinsu ne su rubuta cewa wuri kaza na amfanin jama'a ne, mashaya ce, ba a sayarwa. Ƙungiyarmu za ta iya rubuta takarda, mu nemi mai unguwa da wakilin makiyaya da masu gonakin gefen su sa hannu, mu kai ma'aikatar magajin gari. In ba a yi wannan ba, duk itacen da muka dasa wani muka dasa wa.

Sai aikin hannu. Ma'aikatan gandun daji sun san yadda ake haƙa rabin wata a ƙasa mai tauri: rami mai siffar jinjirin wata, faɗinsa kamar mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki a ciki a dasa itace. A tudun da ke kewaye da ramin, aji ɗaya zai iya haƙa 20 a safiya guda. Mu dasa irin namu da suka san wahala, gawo da aduwa da kurna da bagaruwa da dakwara, mu bar furannin kanti da sai an yi musu ban ruwa kullum. Bangon nan mai haɗari a jera masa ƙaya ko a dasa masa shinge, a bar mashaya a buɗe ta gefen da ke da sauƙin gangara. Sharar da aka zuba a kwashe ta tun tana amalanke uku. Kuma duk wanda ya je cin abinci ya dawo da ledarsa a aljihu, ko da shi kaɗai ne ke yin haka.

Kowace ranar 3 ga Agusta, tun 1975, Nijar na bikin dashen itatuwa. Mun sha ganin yadda ake yi: a dasa, a yi tafi, a ɗauki hoto, kafin Oktoba awaki sun gama da su. Dashe ba wuya, reno ne aiki. Shawarata ita ce bana kowane aji ya ɗauki itatuwa goma kacal, a rubuta sunan ajin a jikin ƙaramin allo, a raba makonnin rani tsakanin ɗalibai, wanda ya ci bak ya tafi Damagaram ko Yamai ya danƙa wa na bayansa. Ƴan mata kuma a sa su cikin masu yanke shawara tun daga farko, don su suka fi mu rashin wurin zuwa, su kuma suka san sharuɗɗan da za su sa iyaye su yarda: a tafi da rana, a tafi da malama, a dawo kafin magariba.

Na san wasunmu na ƙirga kwanakin da za su bar garin nan, wasu Kano, wasu Agadas, wasu ma gaba da nan. Ba laifi ba ne, neman na kai wajibi ne. Amma ƙannenmu suna nan, kuma su ma za su gaji da karatu wata rana su nemi inda za su zauna su ga nesa. Gawon da aka rena bana, kafin ɗan aji shida na firamare ya kai terminal ya fi shi tsawo.

Wanda ke so ya ga wurin da idonsa, gani ya kori ji: ya same mu a taron ƙungiya na mako mai zuwa, mu sa ranar tafiya. Ya zo da ruwan shansa da buhu guda na kwasar leda. In da hali a riƙo wa Baba goro. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya abin da za mu dasa.